Mata 12, Ɗankwali Ɗaya, Kilomita 42: Yadda Ake Gudun Karɓa-Karɓa Na Dogon Zango



Idan aka ce gudun famfalaki, ana nufin kilomita 42 da mita 195. In a filin wasa mai zagayen mita 400 za a yi shi, zagaye 105 ke nan har da ɗoriyar kusan rabin zagaye. A ɗakunan kwanan mata na makarantar nan ban san mace ko ɗaya da za ta iya wannan ita kaɗai ba, har da ni mai maganar. Amma a hunturun da ya wuce, mu mata 12, yawancinmu 'yan Sabon Birni da Isa, mun cinye wannan nisan cikin safiya biyu, wannan ta yi nata ta miƙa wa waccan. Tun daga lokacin ake tare ni a hanyar aji ana tambayata yadda muka yi. Tunda ina ajin ƙarshe na difloma kuma tafiya ta kusa, na ga gara in rubuta shi dalla-dalla, domin duk waɗanda suke so su yi su sami abin dubawa.

Mene ne gudun karɓa-karɓa?

Duk wanda ya yi sakandare ya san gudun miƙa sanda na ranar gasar gidaje: mutum huɗu, kowa mita 100 ko 400. A irinsa ne matan Nijeriya suka ciyo tagulla a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, lokacin su Mary Onyali, suka kuma ciyo azurfa a Atlanta a 1996, lokacin su Falilat Ogunkoya da Fatima Yusuf. Wannan gudun na walƙiya ne, kafin ka gyara zama an gama.

Na dogon zango ɗan uwansa ne, amma halinsu ya bambanta. Ana ɗaukar nisa mai yawa a yanka shi zango-zango, kowace mai gudu ta ɗauki zango ɗaya na kilomita biyu, ko biyar, ko goma. Agogo ɗaya ne ga ƙungiya duka, kuma yana tafiya tun daga tashin ta farko har isowar ta ƙarshe. Ba a cewa wance ta ci, ƙungiya ce take ci ko ta faɗi. Shi ya sa wadda ta fi kowa sauri ba ta isa ta gama ita kaɗai ba, wadda ta fi kowa nawa kuma in ta zauna komai ya tsaya.

Inda abin ya yi ƙarfi a duniya

Mutanen Japan ne suka mayar da wannan gudu al'ada, suna ce masa ekiden. Sunan ya samo asali daga tsohon tsarin aika saƙo na ƙasar, inda manzo yake kai wasiƙa wani zango, a can a sauya doki ko mutum, saƙo ya ci gaba. An yi tseren farko a 1917 daga birnin Kyoto zuwa Tokyo, sama da kilomita 500 cikin kwana uku. Ba sa riƙe sanda. Wani ƙyalle suke ratayawa a kafaɗa ya ratsa ƙirji, sunansa tasuki, domin riƙe sanda na tsawon kilomita goma wahala ce kawai.

Wanda ya fi shahara shi ne na Hakone, na ɗaliban jami'a maza, da ake yi ranakun 2 da 3 ga Janairu, mutum goma, kimanin kilomita 217. Amma wanda ya fi burge ni shi ne na mata da ake yi a Kyoto a watan Janairu, wanda aka fara a 1983. Kowace daga cikin jihohin ƙasar 47 tana kawo ƙungiya, a raba nisan famfalaki gida tara. Zango biyu na kilomita uku-uku an ware su ga 'yan ƙaramar sakandare, zangon ƙarshe mai kilomita 10 kuma na gwanaye ne. Ka ga yarinya 'yar shekara goma sha huɗu tana ƙungiya ɗaya da wadda ta je Olamfik, kuma in babu ita ba za a gama ba. Daga nan muka ɗauki darasin rabo.

A Amurka ma akwai wani a jihar Oregon mai suna Hood to Coast, wanda aka fara a 1982. Ƙungiya tana da mutum 12, zango 36, kowa ya yi uku, daga kan dutse har bakin teku, kimanin kilomita 320, dare da rana, motoci na biye da su.

Me ya kai 'yan Gobir wannan harka?

A wajenmu kalmar gudu ta daɗe da sauya ma'ana. Idan ka ji an ce mutanen ƙauye kaza sun yi gudu, ba wasa ake nufi ba. Tun daga 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, wajejen Gidan Rumji, saboda 'yan bindiga. A Disambar 2021 aka ƙona motar matafiya a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. A cikinmu mu 12 babu wadda ba ta da labari, kuma akwai waɗanda ko hutu ba gida suke zuwa ba, sai wajen dangi a cikin Sakkwato.

Da na gaya wa mahaifiyata a waya cewa muna gudu kullum da safe, shiru ta yi, sannan ta ce, "Ke ɗiyata, mi yak koro ku?" Na ce, "Inna, babu abin da ya koro mu, mu muka ga dama." Sai da na maimaita sau biyu kafin hankalinta ya kwanta.

Da ƙasa lafiya take, a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa ya kamata a yi wannan gudu, ana miƙa ƙyalle gari-gari, yara na tsaye bakin titi suna ihu. Yanzu ba mai hankalin da zai kai 'yan mata can da sassafe. Sai muka ɗauko garuruwan muka kawo su filin makaranta. Mun sami ɗankwali muka ɗinke bakinsa ya zama rataya, kowace ta rubuta sunan garinsu a jiki: Sabon Birni, Gatawa, Unguwar Lalle, Tsamaye, Isa, Bafarawa, Turba, da na ƙawayenmu biyu daga wasu jihohi da suka shigo cikinmu.

Mata su haɗu su yi doguwar tafiya suna miƙa wa juna amana kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis, matan da suke jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka da ƙafa, su zo su ɗauki karatu su koma su isar wa waɗanda ba su iya fitowa ba. Masana tarihi sun nuna cewa malfar da take ɗora wa jaji irin wadda Innar Gobir take sawa ce. Su ilimi suka ɗauka, mu ɗankwali, amma tsarin ɗaya ne: kowa ta kai nata zango.

Yadda ake rabon zango

Abu na farko, a auna fili. Kada a yarda da "ai ya kai". Mu ɗaliban sashen safiyo muka roƙa suka zo da tef suka auna mana zagayen mita 400, muka zuba toka a kan layin.

Abu na biyu, kada a raba daidai wa daida. Rabon adalci a nan shi ne kowa gwargwadon ƙarfinta. Ga yadda muka yi namu. Mutum biyu da suka taɓa gudu a sakandare suka ɗauki zagaye 15 kowace, wato kilomita 6. Mutum huɗu suka ɗauki zagaye 10, wato kilomita 4. Mutum biyar suka ɗauki zagaye 6, wato kilomita 2 da mita 400. Ta ƙarshe ta ɗauki zagaye 5 da ɗoriyar mita 195. Ku haɗa ku gani, 105 ne cif da ɗoriyarsa.

Abu na uku, a yi lissafin rana. Masu koyo irinmu kilomita ɗaya yana cin minti bakwai zuwa takwas. In aka ninka da 42, an haura awa biyar. Ko da ƙarfe 6:30 aka fara, sai kusan sha biyun rana za a gama, kuma duk wanda ya san ranar Sakkwato ya san wannan ganganci ne. Shi ya sa muka raba shi biyu kamar yadda ake yi a Hakone: mutum shida ranar Asabar, zagaye 53, mutum shida ranar Lahadi, zagaye 52 da ɗoriya. Kowace rana ƙarfe tara da 'yan mintoci mun tashi.

Abu na huɗu, jeri. Wadda za ta fara ta zama mai sanyin rai, wadda ihun 'yan kallo ba zai sa ta fita da gudun tsiya ba. Masu gajeren zango a sa su tsakiya. Mai dogon zango a sa ta da wuri, tun iska tana da sanyi. Ta ƙarshe kuma ba sai mai sauri ba, a nemo mai taurin kai.

Atisaye: ba a fafe gora ranar tafiya

Mako takwas muka yi muna shiri, kwana uku a mako, bayan sallar asuba da gari ya fara wayewa. Makon farko ba gudu sosai muka yi ba: minti ɗaya ana sassarfa, minti biyu ana tafiya, har minti ashirin. Kowane mako a ƙara tsawon sassarfa a rage na tafiya. Zuwa mako na shida, mafi yawanmu suna iya minti ashirin ba tsayawa.

Ma'aunin sauri mai sauƙi ne: in kina gudu kina iya yi wa ta kusa da ke magana, saurinki daidai ne. In numfashi ya hana ki haɗa jimla, rage. Yawancin masu farawa gudun sakandare suke tunawa, su fita kamar an harba kibiya, zagaye biyu su zube. Sauri ya haifi nawa.

Ranar hutu tana cikin atisaye. Huhu da zuciya suna sabawa da wuri, amma ƙashi da jijiyoyi suna ɗaukar lokaci, shi ya sa mai ƙara nisa da gaggawa take ƙarewa da ciwon ƙwauri ko gwiwa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwon da yake wuri guda, yana ƙaruwa in an taka, wannan na zuwa asibiti ne.

Wani amfani da ba mu zata ba: tashin asuba a hunturu shi ne rabin wahalar. In ke kaɗai ce, bargo zai ci ki da yaƙi. Amma in kin san mutum goma sha ɗaya suna tsaye a bakin ƙofa suna rawar ɗari saboda ke, dole ki fito.

Zafi, ruwa da jini

A sa gudun tsakanin Disamba da Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a nan, kada ma a fara. Kada kuma a sa shi cikin azumi ko makon jarrabawa. Hunturu ma yana da nasa: ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ta huta, in kuma za ta fito, abin shaƙarta ya kasance a kusa.

A sha ruwa tun daren jiya, ba sai an zo fili a ɗura ba. Launin fitsari zai gaya miki gaskiya: in ya yi duhu, ruwa bai isa ba. A ajiye ruwan gishiri da sukari na sacet saboda wadda ta yi zufa da yawa. Wadda ta fara jiri, ko amai, ko maganarta ta rikice, a tsayar da ita nan take, a kai ta inuwa, a jiƙa mata jiki, a kira ma'aikatan lafiya.

Maganar jini ta shafe mu mata musamman. Jini ne yake kai iska ga tsoka, kuma al'adar wata-wata tana rage sinadarin ƙarfe da jiki yake haɗa jini da shi. Wadda take haki tun a zagayen farko, ko zuciyarta take bugawa da ɗan hawan bene, ta je a auna jininta kafin a ce mata raguwa. Wake, zogale, alayyahu, hanta da kifi suna taimakawa. Lemu ko goba tare da abinci suna sa jiki ya ɗauki sinadarin, shayi mai kauri a kan abinci kuma yana rage ɗaukarsa. Mai sikila ko ciwon zuciya, sai da izinin likita. Kafin gudu abu mara nauyi ya isa, kamar koko kaɗan ko ayaba. Ƙosai da fura su jira a gama.

Sutura da bakin mutane

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Da hijabi kuka yi?" E, da shi muka yi. Dogon wando mai faɗi, riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa, da ƙaramin hijabi mara nauyi wanda ba ya buƙatar fil. Babban hijabi yana kama iska yana kuma harɗe hannu. Takalmi kuwa kambas na gwanjo ya wadatar, in dai akwai sarari a gaban yatsu kuma an saba da shi. Kada a sa sabon takalmi ranar gudu, bororo zai fito.

Magana kam an yi. Wasu samari sun tsaya suna cewa ko kura ce ta biyo mu. Yayana ma ya kira ni ya ce, "Ke, karatu aka tura ki ko tsalle-tsalle?" Na ce, "Yaya, da suturata nake yi, mata ne zalla, kuma sakamakona yana nan zan turo maka." Bai ƙara tayar da zancen ba. Ga masu kawo maganar addini, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, daga baya da jikinta ya yi nauyi suka sake shi kuma ya wuce ta.

Ba mu kaɗai aka taɓa cewa ba za mu iya ba. Bayan tseren mita 800 na mata a Olamfik ta 1928, cire shi aka yi, wai ya fi ƙarfin mace, bai dawo ba sai 1960. Famfalakin mata kuwa sai 1984 ya shiga. A 2024 a Paris, Sifan Hassan, wadda aka haifa a Habasha ta je Holan a matsayin 'yar gudun hijira, ta cinye famfalaki cikin awa 2 da minti 22 da daƙiƙa 55, ta kuma karɓi zinariyarta da hijabi a kanta. Mu 12 sai da muka haura awa biyar. Ba komai, sannu ba ta hana zuwa.

Ranar gudu

A nemi izini tun da wuri a ofishin wasanni da na kula da harkokin ɗalibai, a kuma sanar da asibitin makaranta. Bayan masu gudu ana buƙatar aƙalla mutum huɗu: mai riƙe agogo, mai ƙirga zagaye, mai ruwa, da mai taimakon gaggawa. Ƙirga ya fi komai kawo rigima, domin mai gudu in ta gaji lissafi yana ɓace mata. Mu tsakuwa muka zuba a gwangwani daidai yawan zagayen kowace, duk wucewa a cire ɗaya a ɗaga mata yatsu ta ga saura nawa.

Mai karɓa ta fara ɗumama jiki tun saura zagaye uku, ta tsaya a kan layi tun saura ɗaya. Mai kawowa ta cire ɗankwalin tun da sauran 'yan taku, ta miƙe shi da hannu biyu. Mai karɓa ta kira sunanta da ƙarfi. Za ku ce wannan ƙaramin abu ne, amma wadda ƙafarta ta mutu in ta ji ana kiran sunanta, wallahi wani ƙarfi yake zuwa mata. Zuwa lokacin da ɗankwalin ya iso hannuna ya jiƙe sharkaf da zufar mutum huɗu. A wani wuri ƙyama za ki yi, a nan kuwa shi yake hana ki tsayawa.

Inda haɗarin yake

Wannan ƙarfin da ƙungiya take ba mutum, shi ne kuma haɗarinta. A Oktoban 2018, a wani ekiden na mata a Fukuoka ta Japan, wata 'yar shekara 19 mai suna Rei Iida ta karye a ƙafa saura kimanin mita 200 ta kai. Maimakon ta tsaya, sai ta rarrafa a kan kwalta, gwiwoyinta na jini, har ta miƙa ƙyallen. Wasu sun yaba mata, wasu da yawa suka ce bai kamata a bar ta ba.

Saboda haka tun ranar farko muka kafa doka: duk wadda jikinta ya ƙi, ta ɗaga hannu, ta gaba ta karɓa, sauran zagayenta a raba wa masu ƙarfi, kuma ba wadda za ta ƙara tayar da zancen. Ranar Lahadi hakan ta faru. Wata 'yar Turba jijiyar ƙafarta ta ɗaure saura zagaye biyu, mutum biyu suka ɗauke mata ɗaya-ɗaya. Sunan garinsu yana nan a jikin ɗankwalin, kuma da ita aka ɗauki hoto.

Ga masu zuwa bayanmu

Mutum bakwai cikinmu za su kammala bana. Ɗankwalin mun bar shi a hannun 'yan ajin farko da suka yi gudun tare da mu, kuma akwai sauran fili a jikinsa na rubuta sunayen garuruwa. Ba sai kin iya gudu ba kafin ki shiga, zango mafi gajarta zagaye biyar ne da ɗoriya, mako takwas kuma ya isa ki kai nan. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta sa wannan gudu cikin jadawalinta na shekara, a yi shi tsakanin sassa ko tsakanin ɗakunan kwana, a kuma ware wa mata lokacinsu a fili da safe. Kuɗin da muka kashe bai wuce na ruwa, lemu da ɗinkin ɗankwali ba.

Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya nuna mana ranar da ƙannenmu za su yi shi a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa.